Aikin Gayya a Fagen Sani: Tarihin Wikipedia da Matsalar Madogara a Kudancin Kaduna

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ke neman shaidar malanta a Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna da ke Gidan Waya, idan aka ba shi jinga a kan al'adar Nok ko kafuwar masarautar Jama'a, da wuya ya fara da ɗakin karatu. Wayarsa zai ɗauko ya rubuta tambaya, kuma sau da yawa shafin Wikipedia ne zai fara bayyana a gabansa. Wannan ɗalibi shi ne malamin gobe. Duk abin da ya ɗebo, daidai ne ko kuskure, shi zai zuba wa yara aji bayan aji har ya bar aiki. Wannan dalili ne ya sa muka ga ya dace masu tsara manhaja su san asalin wannan kundi da ƙa'idojin masu rubuta shi, su kuma san iyakar amincewar da ta kamace shi.

Mun zaɓi Kafanchan da kewayenta a matsayin fagen nazari saboda yanki ne mai harsuna da yawa, inda Hausa ta daɗe tana haɗa mutane a kasuwa da coci da masallaci, kuma yanki ne da baƙi suka rubuta yawancin tarihinsa na farko. A irin wannan wuri ne ƙarfin kundin da rauninsa suka fi fitowa fili.

2.0 Taskace Sani Kafin Zuwan Intanet

Tambayar da ake yi wa Wikipedia a yau tsohuwa ce a ƙasar Hausa: wa ya faɗa, kuma a wurin wa ya ji? Malaman zaure sun gaji ilimin isnadi daga malaman hadisi, inda ake auna magana da ingancin mutanen da suka ruwaito ta. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukh, domin ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta. Haka kuma masu kwafar littattafai da hannu sukan roƙi duk wanda ya ga kuskure ya gyara, almajirai kuma sukan cika gefen takarda da sharhi. Ashe ke nan hannu da yawa a kan littafi guda ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Bambancin shi ne a wancan tsari an san mai hannun, an san kuma malaminsa.

Zuwan Turawa ya kawo wani salon tattara bayanai. A shekarar 1919 aka buga kundin da Olive Temple ta harhaɗa daga rahotannin jami'an mulkin mallaka, mijinta C. L. Temple ya tace, wanda ya jero ƙabilu da larduna da masarautun Arewa. Shi ma aikin hannu da yawa ne, sai dai hannuwan na razdanoni da di'o-di'o ne, waɗanda yawanci ta bakin tafinta suka ji abin da suka rubuta. Kafin wannan, a 1912, A. J. N. Tremearne, wanda ya yi aiki a Jama'a, ya fitar da littafi a kan mutanen Kagoro da maƙwabtansu, wanda tun daga sunansa ya siffanta su da masu wutsiya masu farautar kawuna. C. K. Meek ya biyo baya a 1931 da nazarin ƙabilun Arewa wanda ya haɗa da Katab, sannan Harold Gunn a 1956. Akwai bayanai masu amfani a waɗannan littattafai, amma da idon mai mulki aka kalli jama'ar, kuma da sunayen da maƙwabta suka laƙaba musu aka kira su.

A ɓangaren harshe, ƙamusun G. P. Bargery na 1934, mai ɗauke da kalmomi kimanin 39,000, bai samu ba sai da gudunmawar malamai da dattawa daga sassan ƙasar Hausa, ko da yake sunan mutum guda ne a bangonsa. Hukumar Fassara da aka kafa a 1929, wadda ta zama Hukumar Talifi ƙarƙashin Rupert East a Zariya, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939, da Hukumar Harshen Hausa ta 1955, su suka ɗora harsashin daidaitacciyar Hausa. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta ci gaba da aikin har ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. A duk waɗannan akwai hukuma mai tacewa kafin a buga. Wannan mataki na mai gadin ƙofa shi ne Wikipedia ta zo ta cire.

3.0 Samuwar Wikipedia da Ƙa'idojinta

A shekarar 2000 Jimmy Wales da Larry Sanger suka fara wani kundi a intanet mai suna Nupedia. Tsarinsa irin na jami'a ne: masani ya rubuta, maƙala ta bi matakai bakwai na tacewa kafin ta fita. Har aka rufe shi a 2003 maƙalun da suka kammalu ba su kai 30 ba. Ranar 15 ga Janairun 2001 suka buɗe Wikipedia a gefe, bisa fasahar wiki da Ward Cunningham ya ƙirƙira a 1995, wadda ke bai wa kowane mai karatu damar gyara shafi nan take. Cikin shekara guda aka sami maƙalu kusan 20,000. A 2003 aka kafa Gidauniyar Wikimedia domin kula da na'urori da kuɗi, amma rubutu da hukunci a kan abin da ke ciki suka ci gaba da zama a hannun 'yan sa-kai. A 2025 sashen Ingilishi ya haura maƙala miliyan 7, kundin kuma yana fita a harsuna sama da 300.

Mafi kusan abin da za mu kwatanta wannan aiki da shi shi ne gayya. Mutane sun taru a gona ba don lada ba, kowa da fartanyarsa, wani gwani wani ɗan koyo. Gayya kuwa ba ta tafiya sai da tsari. Manyan ƙa'idojin da al'ummar ta gindaya wa kanta guda uku ne. Ta farko ita ce rashin ɗaukar ɓangare: idan masana sun saɓa, a kawo kowane ra'ayi gwargwadon nauyinsa a rubuce-rubucen da aka amince da su. Ta biyu ita ce tabbatarwa: duk maganar da za a iya musantawa sai an nuna littafi ko mujalla ko jaridar da ta zo a ciki. Ta uku ita ce hana sabon bincike: mai gyara ba zai shigar da abin da ya gano da kansa ba, ko da gaskiya ne, matuƙar ba a taɓa buga shi ba.

Bayan waɗannan akwai ladubban zaman tare. Ana so a kyautata wa abokin aiki zato. Ana warware saɓani ta hanyar maslaha a shafin tattaunawa da ke bayan kowace maƙala. A sashen Ingilishi, wanda ya soke gyaran wani fiye da sau uku a shafi guda cikin awa 24 yana iya fuskantar dakatarwa. Akwai masu gudanarwa da al'umma ke zaɓa, masu ikon kulle shafi ko toshe mai ɓarna. Abu mafi muhimmanci ga malami shi ne shafin tarihi, inda ake ajiye kowane gyara da ranarsa da sunan laƙabin wanda ya yi shi. Wannan wani nau'in isnadi ne, sai dai yana nuna hanyar da magana ta biyo ba tare da ya tabbatar da adalcin mai ruwaya ba.

4.0 Yadda Aka Jarraba Sahihancinsa

Shekarar 2005 ta kawo jarrabawa biyu. Wani ya rubuta ƙarya a shafin ɗan jaridar Amurka John Seigenthaler, ya danganta shi da kisan John da Robert Kennedy, ƙaryar kuma ta zauna kimanin wata huɗu ba wanda ya lura. Bayan abin ya fito fili aka hana marasa rajista buɗe sabon shafi a sashen Ingilishi, aka kuma tsaurara ƙa'ida a kan tarihin mutanen da ke raye. A watan Disamba na shekarar, mujallar Nature ta ba masana maƙalu 42 na kimiyya daga Wikipedia da Britannica su duba. Sun sami kurakurai 162 a Wikipedia, 123 a Britannica, wato kusan huɗu da uku a kowace maƙala. Britannica ta ƙi amincewa da hanyar binciken, Nature kuma ta tsaya a kan bakanta.

Mutane da yawa sukan kawo wannan sakamako a matsayin hujjar cewa kundin abin dogaro ne. Ya kamata a lura cewa maƙalun kimiyya ne, na Ingilishi, waɗanda idanu dubbai ke kallo. Abin da ya faru da ƙananan sassa ya fi kusa da halin da muke ciki. A 2020 aka gano cewa wani matashi Ba'amurke da bai iya harshen Sikots ba shi ya rubuta maƙalu fiye da 20,000 a sashen wannan harshe, yana ɗaukar Ingilishi yana sauya wa kalmomi kama. Ya yi shekaru yana yi da kyakkyawar niyya, babu masu harshen da za su tsawata. A 2022 kuma aka bankaɗo wata mai gyara a sashen Sinanci da ta ƙaga maƙalu sama da 200 a kan tsohon tarihin Rasha. Darasin a bayyane yake: ingancin shafi yana tafiya ne da yawan masu lura da shi da kuma iliminsu. Gonar da 'yan gayya suka yi wa yawa takan yi kyau, wadda aka bar wa mutum guda kuwa sai yadda hali ya yi.

5.0 Hausa da Tyap a Cikin Kundin

Sashen Hausa ya daɗe da 'yan maƙalu kaɗan, sannan ya bunƙasa cikin sauri bayan matasa sun kafa ƙungiyar masu gyara, suna shirya tarurrukan horo da gasannin rubutu. Yanzu maƙalunsa sun kai dubun-dubata. Wannan abin yabo ne, domin yaron da bai ƙware a Ingilishi ba ya sami ƙofar shiga ilimin duniya da harshen da yake tunani da shi. Amma akwai abin dubawa. Kaso mai yawa na maƙalun fassara ce daga Ingilishi, wasu kuma da taimakon na'urar fassara ba tare da cikakkiyar tacewa ba. Alamomin sanannu ne ga kowane malamin Hausa: rikita jinsi tsakanin ya da ta, jera kalmomi bisa ginin jimlar Ingilishi, haɗe kalmomin da ya kamata a raba, da watsi da haruffa masu ƙugiya har baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa. Haɗarin ya ninka a wannan zamani, domin na'urorin fassara da masu amsa tambaya suna koyon Hausa daga irin waɗannan shafuka, sannan a dawo a yi amfani da su wajen rubuta sababbi.

A 2022 aka buɗe sashen Wikipedia na harshen Tyap, harshen Atyap na ƙasar Zangon Kataf, wanda masana harshe ke haɗa shi a rukuni guda da karin Fantswam na Kafanchan, da Gworok na Kagoro, da Sholyio da Takad. Kafin a amince, sai da 'yan sa-kai suka yi aiki a sashen gwaji, suka fassara kalmomin sarrafa shafin, suka nuna cewa akwai masu rubutu a kai a kai. Harshen da Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932 da makarantun mishan da kasuwa suka daɗe suna janye masa masu magana, ga shi ya sami rumbu a intanet. Mu masu tsara manhajar Hausa ya kamata mu ɗauki wannan a matsayin maƙwabci nagari. Ɗalibin kudancin Kaduna yakan shigo aji da harshe biyu ko uku, kuma kwatanta maƙala guda a Hausa da Tyap da Ingilishi darasi ne na fassara da babu kamarsa a littafin aji.

6.0 Inda Ƙa'idojin Ke Cin Karo da Yankin

Matsala ta farko ita ce suna. Tsofaffin littattafai sun ce Kataf ko Katab, Kaje, Jaba, Kagoro, Kagoma, Kaninkon. Masu abin suna kiran kansu Atyap, Bajju, Ham, Agworok, Gwong, Nikyob, kuma da yawansu ba sa son wasu daga cikin tsofaffin sunayen. Kafa masarautun Atyap da Bajju a 1995, da ƙarin wasu a 2001, ya ƙarfafa sunayen gida a takardun hukuma. A ɗaya ɓangaren, Zangon Kataf da Jaba suna nan a matsayin sunayen ƙananan hukumomi. Mai rubutu da Hausa yana tsaka mai wuya, domin tsofaffin sunayen ta bakin Hausa suka shiga littattafan Turawa. Abin da muke gani ya dace shi ne a kira al'umma da sunan da ta zaɓa, a ambaci tsohon suna sau ɗaya domin mai bincike, a bar wa hukuma sunanta na doka.

Matsala ta biyu ta fi zurfi. Ƙa'idar tabbatarwa ta fifita abin da aka buga, abin da aka fi bugawa a kan yankin a farkon ƙarni na 20 kuwa na Tremearne ne da Temple da Meek. Dattijon da ya haddace zuriyar gidansu da waƙoƙin farauta da tarihin ƙaura ba shi da gurbi a jerin madogara, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A 2011 Achal Prabhala ya gwada shigar da bayanan baka a matsayin madogara a Indiya da Afirka ta Kudu, amma manyan sassan kundin ba su rungumi tsarin ba. Hanyar da ta rage ita ce masana na gida su yi bincike su buga. An riga an fara: Yusufu Turaki ya fitar da nazarinsa a kan gadon mulkin Ingila a Arewa a 1993, Toure Kazah-Toure ya rubuta a kan rikice-rikicen Jihar Kaduna a 2003, Moses Ochonu kuma a kan mulkin mallaka ta hannun wakilai a 2014. Tun kafin su, Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman sun koyar a Zariya cewa kowace madogara, ta baka ko ta takarda, sai an tambayi wanda ya samar da ita da manufarsa.

Matsala ta uku ita ce abubuwan da har yanzu suke da zafi. Rikicin watan Maris na 1987 ya faro ne a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Na Zangon Kataf ya auku a Fabrairu da Mayun 1992, bayan taƙaddama a kan sauya wa kasuwa matsuguni. An kafa kwamitocin bincike da kotuna na musamman, amma kowane ɓangare yana riƙe da nasa labarin a kan wanda ya fara da yawan waɗanda suka rasu. Shafi a kan irin wannan batu yana iya sauya kama cikin dare guda, kuma kalma ɗaya, kamar ɗan ƙasa ko baƙo, tana iya zama hukunci. A ajin da 'ya'yan ɓangarorin biyu ke zaune a benci guda, malamin da ya kwafo irin wannan shafi bai duba tarihinsa ba yana wasa da wuta.

Akwai kuma inda kundin ya fi littafin aji. A 1928 aka tsinci mutum-mutumin yumɓu na farko a wurin haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, a 1943 kuma aka kai wa Bernard Fagg kan da aka samu a Jama'a. Littattafai da yawa sun tsaya a kan cewa al'adar ta fara ne wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa. Binciken da masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt suka fara a 2005, ƙarƙashin Peter Breunig, ya mayar da farkonta zuwa wajen shekara 1500 kafin haihuwarsa. Shafin intanet yana iya ɗaukar wannan gyara cikin kwana guda, littafin da ke hannun ɗalibi kuwa sai an sake bugu.

7.0 Shawarwari

Hana ɗalibai amfani da kundin ba zai yi tasiri ba, domin yana aljihunsu. Muna ba da shawarar a shigar da waɗannan cikin manhajar Hausa ta kwalejojin ilimi da manyan azuzuwan sakandare.

Na ɗaya, a koyar da tantance madogara a matsayin darasi mai zaman kansa, a ɗora shi a kan isnadi, wanda ɗalibai da yawa sun riga sun san shi. Ɗalibi ya iya buɗe shafin tarihi da na tattaunawa, ya ƙirga madogarar maƙala, ya faɗi shekarar kowacce da wanda ya rubuta ta.

Na biyu, a amince da kundin a matsayin mafarin bincike, amma a jinga da kundin kammala karatu a wajabta komawa ga ainihin littafin da shafin ya nuna.

Na uku, a mayar da gyaran maƙalun Hausa aikin aji a darasin ƙa'idojin rubutu da na fassara. Ɗalibi ya ɗauki maƙala guda, ya fitar da kurakuranta, ya gyara ƙarƙashin kulawar malami.

Na huɗu, sassan harsuna da na tarihi su ƙarfafa tattara tarihin baka na Atyap da Bajju da Ham da Fantswam da Hausawa da Fulanin Jama'a, su tace, su buga a mujallun kwaleji. Abin da aka buga ne kaɗai zai iya zama madogara.

Na biyar, a kan batutuwan rikici, malami ya gabatar da madogara fiye da ɗaya, ya kuma nuna wa ɗalibai yadda zaɓen kalma ke karkata labari.

8.0 Kammalawa

A wannan maƙala mun bi sawun taskace sani tun daga isnadin malaman zaure da kundayen jami'an mulkin mallaka har zuwa Wikipedia. Mun ga cewa sahihancin kundin ya bambanta daga shafi zuwa shafi, gwargwadon masu lura da ingancin madogara, kuma kudancin Kaduna yana cikin yankunan da duka biyun suka yi ƙaranci. Kwalejin da ke Gidan Waya, wadda ta faro a Kafanchan a 1977, tana yaye malamai masu jin Hausa da harsunan yankin a lokaci guda. Su suka fi kowa cancantar shiga wannan gayya, kuma manhaja ce za ta ba su horon da za su shiga da shi.